Jinin Rakiya

Bayan la'asar wuta ta ɗauke,
injin bayan ɗaki ya yi tari sau biyu, ya kama.
Habsu ta shigo daga Mirriya da Mutari a goye,
wata bakwai, bai kai nauyin zakara ba.
Ta kwance leda, katin asibiti uku:
nasa, da na Lawali, da na Ilu.
Biyu daga ciki masu su sun riga mu.

Na lalubi jijiya a bayan hannunsa,
siririya kamar zaren da tela ya yar.
Bai yi kuka ba. Na so a ce ya yi.

Ɗigo ɗaya a kan gilashi,
na shimfiɗa, na shanya, na rina da shuɗi da ja
yadda kakana ke rina fata a Birni,
sannan na sunkuya kan madubi.
Jajayen ƙwayoyi sun cika fili
kamar kasuwar Dole ranar Alhamis.
Ba su nake nema ba.
Cikin farare akwai ƙanana masu babban ido,
masu gadin gari, masu haddace fuskar cuta
don in ta dawo su tare ta tun daga ƙofa.
A jinin jariri su ya kamata su yi rinjaye.
Na ƙirga ɗari, na samu shida.
Na goge ido da bayan hannu, na sake.
Biyar.

Nan ganina ya tsaya.
Madubina kai yake ƙirgawa, bai san dangi ba.
Injin da ke tambayar kowace ƙwaya asalinta
yana can yamma, wuni guda a mota da ɗoriya.
Jini kuwa ba gero ba ne da za a zuba a rumbu:
zafi na kashe shi, ƙanƙara na kashe shi,
kwana biyu ya yi yawa.

Habsu ta ce, tana kallon tayil,
"Malam, a gidanmu maza ba sa daɗewa.
Ƙannena biyu ma haka suka tafi.
An ce nonona ne, an ce baki ne.
Ni ce?"
Na daɗe ina rubuta lamba a jikin kwalba.
Na ce, "Ban sani ba tukuna.
Ko da gado ne, ba ki zuba da hannunki ba,
ke ma ba ki aka yi.
Ki tafasa ruwa, ki wanke hannu,
mai tari kada ya ɗauke shi, ko liman ne."
Ta kusa yin murmushi.

Takarda ta ce a haɗa da jinin mai lafiya,
kwalba biyu su yi tafiya tare,
in sun isa a lalace
a san laifin hanya ne, ba na yaro ba.
Na duba ɗakin. Daga ni sai agogo.
Na naɗe hannun riga,
na ja igiyar roba da haƙori.
Shekara goma sha tara ina soka wa mutane allura,
yau na ji tana da zafi.

Kafin asuba ina tasha.
Ari direba ya jijjiga akwatin kusa da kunnensa.
Na riƙe masa hannu.
Ya ce, "Mene ne ciki?"
Na ce, "Fasinja biyu, babba da yaro.
Kada rana ta gan su, kada ka ɗora buhu a kansu,
in ka tsaya sallah a Maraɗi ka duba su."
Ya tura su ƙarƙashin kujerarsa, gefen butarsa.

Na dawo ta gefen duwatsu, gari bai waye ba.
A barandar asibiti Mutari na barci a cinyar uwarsa,
audugarsa ta zame.
Na gyara masa, na gyara tawa.
Wayata na aljihun gaba, na ƙure mata ƙara.