Hagu, Kullum Hagu

Inda ka ajiye motarka, ɗan nan,
tsakanin farin layi da farin layi,
nan ne kwana ta uku.
Nan Wilf Garside ya bar haƙoransa biyu
wata Larabar da ruwa ya ƙi ɗaukewa,
ya tashi yana dariya, jini a haɓa,
yana tambaya ko babur ɗin ya ji ciwo.

Ni ce mai shayi a ƙofar yamma.
Shekara goma sha tara ina zuba wa garin nan
na masaƙa da hayaƙi a arewacin Ingila.
Bakwai da rabi ma'aikata ke zuwa
da zaren auduga maƙale a gashi,
kowa da fensir a bayan kunne
da takardar cike maki a aljihu.

Babur ne ba birki.
Ji ni da kyau: ba birki, giya ɗaya.
Mutum huɗu, zagaye huɗu,
hula ja, shuɗiya, fara, rawaya.
Igiya ta yi sama,
kafin shayinka ya huce an gama.
Sai warin man zurma ya rage a iska,
warin da har yau in na tuna
yawu ke taruwa a bakina.

Sukan kwantar da babur a kwana
kamar mai shimfiɗe jariri,
takalmin ƙarfe na hagu yana sharar ƙasa,
tayar baya tana watsa mana jar tsakuwa.
Wanda ya koma gida wuyansa fes
bai kalli komai ba.

Akwai Hedley Sugden, mai gyaran famfo da rana,
ba ya magana, ba ya ɗaga hannu in ya ci.
Akwai Merv Tullock, ɗan Ostireliya,
da ya zo da jaka ɗaya da tari,
ya shekara biyu a ɗakin bayan gidanmu,
bai taɓa biyan haya a kan kari ba,
amma yakan bi ta waje, dab da katako,
inda ko kyanwa sai ta yi shawara.
Akwai Clem, ƙanena.
Clem bai iya ba, gaskiya ɗaya ce.
Na huɗu yake zuwa, na uku in wani ya faɗi.
Ni ke goge masa rigar fata ran Alhamis,
ina tsince tsakuwa daga ɗinki da tsinken gashi.
Sau ɗaya ya ci. Ɗaya tak.
Na bar tukunyar shayi ta ƙone ƙurmus,
aka cire a albashina, ko a jikina.

Wilf ya cika a kujera yana kallon taga.
Hedley, an ce, bai gane 'yarsa ba a ƙarshe,
amma in inji ya yi ƙara a titi
hannunsa na dama yakan murɗa bargo.
Merv ya koma gida: katin Kirsimeti uku, sai shiru.
Clem yana bayan coci.
Na sa an sassaƙa lambarsa, bakwai, a dutsen.

Yanzu kanti ne mai fitilu masu sanyi,
ana sayar da abincin kare a mazaunin makanikai.
Ran Laraba nake cefane, da gangan.
Cikin kekunan tura kaya akwai mai gurguwar taya,
kowa gudunsa yake, ni shi nake nema:
duk yadda ka tura shi, hagu yake ja.
Nakan ƙyale shi.
In ɗan kwantar da kafaɗa,
in ja ƙafar hagu a kan kwalta,
ni da burodi da gwangwanin wake
mu sha kwana ta uku.

Matsar da motarka kaɗan, ɗan nan.
Ka tare hanya.