Gidan Allura

A Nazaré, inda teku ke lasar bakin ƙofa,
Deolinda ta yanke hannun rigar Amílcar,
mai gida-gidan ja da baƙi,
wadda gishiri ya cinye wa wuya.

Faɗin tafin hannu, ba ƙari.
Ta ninka biyu,
ta sa ƙyallen ulu a tsaka kamar harshe,
ta bi gefe da zaren gyaran koma.
Ɗinki ya karkace. Ido ya tsufa.

Allura bakwai suka kwanta a jere,
kwale-kwalen da iska ta hana fita.
Ta takwas, lanƙwasasshiyar,
tasa ce.

Maɓallin rigar ya ƙi shiga.
"Har yau taurin kai," in ji ta,
ta cije zare.