Inda Kaka Ya Tona

Kaka Tankari, na iso.
Kwana biyu a hanya, iyaka ɗaya,
shingayen 'yan sanda kuwa na daina ƙirgawa.
Mota ta yi ta hawa tana nishi
har kunnuwana suka toshe.
Direba ya ce, haɗiyi yawu, 'yar Nijar, Jos ke nan.

Ka ce mini akwai sanyi.
Ba ka ce yana da haƙora ba.
Daren farko a Naraguta
na kwana cikin riguna uku da zanen Inna,
ƙanƙara na jifan kwano,
ni kuma ina juya sefa zuwa naira a ka,
kowane lissafi sai ya fito da ɓula.

Ran Litinin na ɗaga hannu a aji,
na ce "Mushe," yadda muke kiran malami a lakwal.
Ɗaki ya kece da dariya.
Malamin ya dafa ƙirji, ya ce da sauran ransa tukuna.
Turancina na dogara sandar Faransanci,
Hausata kuwa, da na ɗauka kuɗi ce mai ci ko'ina,
a nan sai an juya ta an duba bayanta.

Kangyang, mai gadon da ke saman nawa,
ta ara mini rigar sanyi mai ƙanshin kafur,
ta ce Asabar ba ranar zaman ɗaki ba ce.

Farin Gada muka fara.
Kabeji tsibi-tsibi, karas da jar ƙasa a jikinsa,
da wani jan ɗan itace mai ƙuraje
wanda sunansa ya fi ƙarfin bakina.
Na sha gwaten acca a tsaye, har da gumi.

A gidan tarihi, kawunan yumbu cikin gilashi
suka zuba mini hudajjun idanu.
Na ce musu sannunku,
ku ma an ɗauko ku daga gida.

Riyom kuwa, Kaka, kar ka faɗa wa kowa.
Mu da ke taƙama da Dogon Dutsi!
Nan duwatsu sun hau kan juna
kamar ƙoren da mace ta jera ta tafi ɗebo ruwa,
har yau ba ta dawo ba,
har yau babu wanda ya faɗo.

Sai la'asar muka tsaya wajen Bukuru.
Wani ruwa kore, kwance, ba ya zuwa ko'ina.
Amarya da ango na ɗaukar hoto a baki.
Na ce, wannan tafki da kyau yake.
Kangyang ta ce, ba tafki ba ne, ramin kuza ne,
gonar kakata na can ƙasa.

Sai na tuna sanƙonka,
da ka ce ba tsufa ya cinye gashin ba, kwanon ƙasa ne,
shekara huɗu, sule biyu a mako,
da tarin da ka zo mana da shi tsaraba.
Na faɗa mata.

Mun jima ba wanda ya ce uffan.
Wani tsuntsu ya tsaga ruwan, ruwan ya ɗinke kansa.
Ta ɗauki tsakuwa biyu, ta jefa ɗaya,
ta sa mini ɗaya a tafin hannu.
Ta ce, ashe mun daɗe da sanin juna.

Ramukan suna da yawa, Kaka,
ban san wanne ne naka ba.
Na tura hoton a wayar Issufu,
ka sa ya buɗe maka shi da rana, ka duba da kyau.

Tsakuwar na kan littafina, ta danne shafi.
Gobe aji ƙarfe bakwai.
Na iya cewa "Malam" yanzu.