Littafin da Na Aro a Gadarif

Malam Mu'utasim ne ya ara min shi,
wanda ya baro Hartum da jaka ɗaya,
littafi uku, babu takalmin canji.
Bangon ya yage, ya tafi da sunan marubucin.

Dare biyar ina bin sa da hasken waya
a bayan shagon riɗi,
sai caji ya mutu in rufe.

Labarin wasu mutanen bakin tafki ne,
can inda ba mu da ko dangin nesa.
Tun kakanni aka kore su daga ruwan,
aka raɗa wa tsibiransu sunayen baƙi.
Sai annoba ta share birane,
jirage suka yi tsatsa a inda suka sauka,
kuɗi ya koma takardar hura wuta.
Su kuwa suka sassaƙa kwalekwale,
suka nufi gida.

A shafi na casa'in na yi tsaki.
Tsohuwarsu ta san komai:
saiwar zazzaɓi, watan da kifi ke ƙwai,
tauraron da ake bi in gaɓa ta ɓace.
Na ce kai malam, ka zuba gishiri.
Namu tsofaffin suna mantuwa.
Jiya Gwaggo Marka ta tada gida neman tabarau,
ga shi bisa goshinta.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba.
Su suna da tafkin da ya san sunansu.
Ni fa?
Kakana ya taso daga Haɗeja a ƙafa
da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare, damina ta tare shi,
ya tsinci auduga a Jazira, ya yi aure,
ya ce sai baɗi.
A cikin baɗin nan aka haife ni.
A kasuwa ni Batakare ne,
can kuma, in na buɗe baki, a ce Larabci ya ci min harshe.
Ran da duniya ta watse,
wane ruwa zan tuƙa in ce na iso?

Da safe na ba Gwaggo labarin kaf,
tana soya gahawa, ba ta ko dube ni ba.
Da na kai ƙarshe ta ce:
"Da suka koma, me suka shuka?"
Na ce littafin bai faɗa ba.
Ta ce, "To mai shi bai taɓa kwana da yunwa ba."

Ta shiga ɗaki, ta daɗe,
ina jin ƙarar kwanuka.
Ta fito da gwangwanin madara, murfinsa ya lotse,
ciki ƙulli-ƙulli na tsumma:
irin kuɓewa, irin yakuwa, gero ɗan tafin hannu.
"Jikokin wanda ya zo a aljihun kakanka ne.
Shekara nawa, ƙasar nan ba ta taɓa ce musu
ku kawo takarda ba."

Na tambaye ta sunan na huɗun, baƙi, ƙanana.
Ta juya su da yatsa.
Ta ce ta manta.
"Shuka ka gani."

Ranar Laraba na mayar da littafin.
Na bar ƙwaya bakwai a shafi na casa'in,
ban gaya wa Malam ba.