Turin Gefe

Ƙarfe uku na dare a Meyrin,
taragon ƙarshe ya wuce tuni.
Solène Duvillard na gaban allo,
shayinta ya huce, ba ta sani ba.

Mita ɗari ƙarƙashin takalminta,
ƙarƙashin makiyayar da shanun Gaspard ke tuƙa,
furoton biyu na sheƙa gudu,
haske kaɗai ya sha gabansu.
Kowa ya miƙe sak, ba mai niyyar ratse.

Sai gware.

Abin da ya zo a miƙe ya watse ta gefe:
feshi ɗaya ya nufi duwatsun Jura,
ɗaya ya juya masa baya, ya yi wajen tafki.
Kwak ba ya fita tsirara, in ji masana.
Kafin ya isa bangon na'ura
ya yafa riguna arba'in,
rigunan kaɗai ake gani, mai su ya ɓace ciki.

Doka ta ce: kafin karo ba turin gefe,
don haka a tara na dama, a tara na hagu,
sifili za a samu.
Ta tara.
Bai fito ba.

Ta sake, da fensir, a bayan takardar burodi.
Wannan karon ya rinjaya kaɗan,
na bayansa ya karkata can,
miliyan sun zo, ba biyu masu kama,
kamar numfashin mai barci:
yana hawa, yana sauka, ba ya tsayawa kan layi.
Wannan rawar take aunawa shekara tara.

Amma na daren nan giɓinsa da faɗi.
Ruwa ba ya tsami banza.
Ko wani abu ya fice bai taɓa ƙarfe ba,
ko waya ɗaya ce ta mutu cikin dubbai.

Ta tuna teburin gidansu a Gex,
ranar da ita da ƙaninta Aurèle suka yi kaca-kaca,
shi ya yi Lyon, ita ta zauna.
Ta sha lissafa abin da kowa ya kwasa,
kullum da saura.

Ta rubuta a littafin aiki:
«A duba sashe na goma sha huɗu.»
Ta ɗauki wayarta, ta kalli sunansa, ta ajiye.

A sama ƙararrawar saniya ta kaɗa sau ɗaya.
Dusar ƙanƙara na sauka a karkace.