Zanen Lawali a Takardar Ƙosai

Bakin kasuwar Maradi,
Tsahara ta ƙunsa mini ƙosan dala ashirin
cikin jaridar jiya.

Na warware, sai ga zanen Lawali:
ɗan takara, tumbinsa ya riga shi shiga fada,
ya taka wuyan ɗan ga-ruwa zai hau kujera,
yana cewa, "Ɗan'uwa, ƙara duƙawa kaɗan."
Fuskarsa an bar ta fara fat,
tawadar duk a kanmu ta ƙare.

Man gyaɗa kuwa bai san babba ba.
Ya jiƙe shi, ya jiƙe mu,
launinmu ya zo ɗaya.

Jandarman da ke gefena ya leƙo,
ya haɗiye dariya da ƙyar:
"In ka cinye, ba ni takardar."