Ɗinkin da ba nawa ba

Shekara ashirin da biyu ina kan keke a Fagge.
Na ɗinke rigar da ƙusa ta yaga,
na fitar da wuyan da wani tela ya ɓata,
ban taɓa cewa aiki ya fi ƙarfina ba
sai ranar da ungozoma ta miƙo mini Zinatu
cikin zanen uwarta,
leɓen sama a tsage har ƙofar hanci.

Da idon tela na dube shi.
Wallahi har hannuna ya kai aljihu neman allura.

'Yan barka suka leƙa, suka yi shiru.
Wata ta ce ai uwar ce ta fita
daren da wata ya yi zazzaɓi.
Nono ya ƙi zama a bakin yarinya,
Dije ta tatsa a kofi, ta ɗura da cokalin shayi,
kowane dare sai ya yi tsawon uku.

A asibitin Dala suka ce sai ta yi nauyi.
Wata biyar muna kai ta sikeli
kamar masu sayar da gyaɗa.

Ranar aiki, jaririya aka sa azumi.
Suka karɓe ta da hantsi, ƙofa ta rufe.
Na zauna a benci da wani mutumin Kurna,
ɗansa ya faɗa kaskon awara, yatsu uku sun manne.
Ba mu tambayi sunan juna ba.
Ya fasa goro, ya miƙo mini ɓari.

Bayan azahar aka kira ni.
Na sunkuya, na ƙirga: ɗinki bakwai,
zaren bai kai gashin gira kauri ba,
baki ya haɗu da baki, ba tattara, ba karkata.
Na ce, Likita, wa ya koya miki wannan hannu?
Ta yi dariya, ta ce,
Malam, kada dai a bari ta sosa.

Bana shekararta huɗu.
Tabon yana nan, kamar layin alli
da aka manta ba a kakkaɓe ba.

Jiya ta shigo shago da balan-balan ja,
ta haɗe leɓe, ta hura, ta hura,
har ya fashe.
Yaran shago suka zabura.
Ni kuwa na ɗauke ƙafa daga keke,
na laluba aljihu, na ce,
ungo, je ki sayo wani.